Lambar da Ke Bayan Littafi

Tun ranar da Abba ya aika wa manyan Mai Tawada cewa su dakata da zuwa neman aure, Auta ba ta sake zubar da hawaye a gaban kowa ba. Umma ta fi jin tsoron wannan shirun a kan kuka, domin ta san halin 'yarta. Idan ta yi tsit, to wani abu take dafawa a ciki, kuma Allah kaɗai ya san abin da za ta sauke.

Auta ita ce ƙarama a gidan, malama ce a makarantar 'yan mata. Ta rubuta littafinta na farko a tsakanin darasi da darasi, ta kai shi wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan layin teloli, ta ɗauki nauyin bugawa da kanta. A can ta haɗu da saurayin da ke tsara shafuka, wanda yatsunsa ba sa rabuwa da baƙi ko da ya wanke su da sabulu. Ita ta laƙaba masa Mai Tawada, sunan ya bi shi har gidansu.

Da aiki ya zo kan bangon baya, sai aka tsaya. Marubutan da ke buga littafinsu da kansu sukan sa lambar waya a bayan littafi, domin ta nan masu karatu ke samunsu, ta nan kuma suna ke yaɗuwa. Nan Auta ta ja da baya. Budurwa ce, kuma mahaifinta mutum ne da ake durƙusawa a gabansa ana ɗaukar karatu. Ba ta ga yadda za ta watsa lambarta a kasuwa kowane namiji ya kira ba.

Mai Tawada ya ce a sa tasa. Duk wanda ya kira, shi zai karɓi saƙon ya miƙa mata. Kunya ce ta haifi wannan shawara, kuma Ubangijin da ke ganin zukata shaida ne a kan haka.

Littafin ya fito, amma ya ƙi tafiya. Mutumin da ya karɓi kwalayen littafin don ya sayar shi ne Dillali, mai babban shagon littattafai a bakin kasuwa, tsohon ɗalibin Abba da ya tashi yana shiga gidan kamar ɗa. Auta tana kiransa Yaya. Ya taɓa nuna yana sonta, ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ya yi dariya ya ce ba komai. Sai ya tura kwalayenta ƙarƙashin matakalar shagonsa, duk lokacin da ta leƙa ya ce mata mutane ba sa sayen sabon suna.

Ba ta zauna ba. Ta zuba 'yan kwafin da suka rage mata a jaka, ta riƙa bi shagon kitso, shagon ɗinki, har benci-bencin da mata ke jiran likita. Takan ba da littafi kyauta da sharaɗi guda, wanda ya gama ya miƙa wa wani. Sannu a hankali wayar Mai Tawada ta fara ƙara. Wata ta ce ta ƙona girki saboda babi na uku, wata ta ce mijinta ya ƙwace littafin ya hana ta sai ya gama. Kowane saƙo yakan tura mata shi yadda ya zo. Daga baya ya buɗe mata zauren masu karatu a waya, yana shigar da duk wanda ya kira, ita kuma tana gaishe su kowace safiya, tana amsa wa kowa da sunansa.

A cikin wannan hidima ne zukatansu suka fahimci juna, har ya sanar da manyansa.

Sai Dillali ya zo gidan wata rana bayan la'asar, da littafin a hannunsa. Auta tana bayan labule da tiren ruwa, ta ji komai. Bai yi ƙaryar da za a kama shi da ita ba. Ya dai juya littafin, ya nuna wa Abba lambar, ya roƙe shi ya kira da kansa. Abba ya kira. Muryar namiji ta amsa da fara'a.

"Idan saƙon marubuciya ne, faɗa mini. Ta hannuna ake samunta."

Abba ya kashe wayar a hankali. Dillali ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, ya ce shi bai so ya faɗa ba, amma kasuwa duka ta san wanda ke son 'yar Malam sai ya bi ta wajen yaron nan, kuma ana ganinta a maɗaba'ar har lokacin tashi. Ya ce zumunci ne ya hana shi yin shiru.

Washegari aka aika wa manyan Mai Tawada. Abba bai yi mata faɗa ba, bai kuma ce ta auri kowa ba. Ya dai ce mutumin da ya yarda ya rataya lambarsa a kan sunan 'yar mutane bai san darajar gida ba. Ta fara bayani, ya ɗaga hannu ya dakatar da ita. Daga nan Dillali ya ƙara yawan zuwa gaisuwa, yayyenta maza kuma suka fara yabon hankalinsa a gabanta.

Auta ta ɗauki alƙalami.

Ta sanar a zaure cewa za ta kawo sabon labari, kyauta, babi bayan babi. Labarin wata yarinya ce mai rubutu da wani mutum mai harkar littattafai, wanda littafinta ya fara bi ta hannunsa. Mutum ne mai taushin murya, yana rayuwa a tsakanin tulin takardu, yana nuna mata shi mai taimako ne. Da ya nemi aurenta bai samu ba, sai ya ɓata mata suna a wajen mahaifinta. Ba ta ambaci suna ba, ba ta faɗi unguwa ba. Ta gaya wa kanta cewa inda babu suna babu cin naman mutum. Haka rai yake yi wa mai shi fatawa idan ya riga ya ƙudiri abu.

Ta zuba masa duk dafin da ke cikinta. Ta ba shi murmushin da ba ya kai wa ido, ta ba shi tafiyar mai sanɗa, ta sa shi yana wanke hannu bayan ya gaisa da talaka. Ta koyi yanke babi a daidai inda zai fi ciwo, ta bar mutane da numfashi a maƙogwaro har gobe.

Abin da littafin farko bai yi ba, wannan ya yi. Zauren ya cika, aka buɗe na biyu, shi ma ya cika, aka ƙara wasu. Mata suka riƙa kwafe babin suna turawa 'yan'uwa da ƙawaye a garuruwan da Auta ba ta taɓa takawa ba. Wata mai kitso ta ce yanzu a shagonta ba a taɓa kai sai an karanta na ranar. Wata dattijuwa ta aiko da murya tana cewa idan aka ba ta mutumin nan, da muciya kawai za ta gyara masa zama. Da yawa suka dage da tambaya.

"Anti, ki ji tsoron Allah ki gaya mana. Wannan labarin ba naki ba ne?"

Auta takan amsa da cewa Allah yana ganin kowa, ba ta ƙara komai. Ta san wannan amsa ta fi "eh" ƙarfi.

Umma ta same ta a ɗaki wata rana tana murmushi ita kaɗai a kan waya. Ta zauna a bakin gado, ta ce maƙwabciya ta karanta mata babi biyu, kuma ta gane falon gidanta a ciki har da launin labule.

"Auta, wannan ba rubutu kike yi ba. Wuƙa kike wasawa."

"Shi da ya wasa tasa, Umma, wa ya ce masa kanzil?"

Umma ta ce wanda aka zalunta yana da ƙofar da ba a rufe ta, ita ce ta addu'a, kuma wannan ƙofar ta fi dubun mabiya. Auta ta ce ta yi addu'ar, yanzu tana taya ta da hannu ne. Umma ta tashi tana salati a hankali.

Shi kuwa Mai Tawada, tun da aka dakatar da shi ya daina kiranta, don girmama maganar Abba. Saƙonnin masu karatu kawai yake turo mata. Sau ɗaya ya haɗa da nasa, gajere, yana roƙonta ta tsayar da labarin. Ta karanta, zuciyarta ta yi zafi, ta ce a ranta shi ma irin mazan nan ne masu sanyin jini, a taka su su ce sannu. Ba ta amsa ba. Bayan wani lokaci turowar ma ta tsaya. Ta ɗauka fushi yake yi, ta bar shi da fushinsa.

Wata ranar aiki, ta taso daga makaranta da azahar, hanya ta bi da ita ta bakin kasuwa. Sai ta tsaya cak. A kan teburin gaba na shagon Dillali, inda ake jera abin da ya fi tafiya, littafinta ne jere reras. Kwalayen da suka sha ƙura a ƙarƙashin matakala an fito da su an goge.

Dillali ya hango ta, ya taso yana gyara hula.

"Ƙanwata ta kaina. Allah ya yi wa alƙalamin nan naki albarka. Ga shi ina shirin aiko miki a ƙaro bugu."

Ta dube shi ba ta gaishe shi ba. Ya ci gaba da cewa tun da ta fara sabon labarin nan, mata ke tururuwa suna neman tsohon, kuma duk wadda ta saya sai ta juya bayan littafin ta tofa albarkacin bakinta. Ya ce shi kam yana ba su haƙuri, yana cewa a bar yaro da halinsa.

"Wane yaro?"

Ya yi 'yar dariya, ya rage murya kamar mai ba da shawara.

"Au, ba ki sani ba? Kin ce musu mutum ne mai harkar littafi, wanda littafinki ya fara bi ta hannunsa, mai taushin murya, mai nuna taimako. Su kuwa namiji ɗaya suka sani a harkarki, kuma lambarsa tana hannun kowa. Ki leƙa layin teloli ki ga ƙofa."

Ƙafafunta suka ɗauke ta ba tare da ta san tana tafiya ba.

Ƙofar maɗaba'ar a buɗe take, amma an watsa mata baƙin man inji tun daga sama har ƙasa, ya gangaro ya yi zane-zane. Telan da ke kusa ya ɗago ya gan ta, ya mayar da kansa kan keke. A ciki babban injin yana tsaye shiru. Maigidan wurin yana can ƙurya a kan kujera, ya amsa sallamarta da ƙyar, ya kau da fuska.

Mai Tawada yana tsugune yana zuba 'yan kayansa a buhu, dardumar sallah, kofi, da rigar aikinsa. Ya rame. Da ya gan ta ya miƙe, ya matsa baya ya bar fili a tsakaninsu.

Kafin ɗayansu ya yi magana, wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Ya miƙa hannu zai kashe, ta riga shi ɗauka. Muryar wata mata ta cika mata kunne. Ta kira shi azzalumi, maci amanar 'yar mutane, ta ce yadda ya tozarta baiwar Allah haka za a tozarta nasa, ta haɗa da mahaifiyar da ta haife shi. Auta ta ajiye wayar kamar ta taɓa garwashi.

Maigidan ne ya yi bayani daga inda yake zaune, ba tare da ya dube ta ba. Ya ce mata sun janye aikin katunan aure, wata makaranta ta ɗauke aikin takardun jarrabawa, an daina gaishe shi a layi. Ya ce yaron nan bai taɓa cin masa amana ba, amma shi ma yana da iyali. Ya sallame shi har ƙura ta lafa.

Sai a lokacin hawayen da ta riƙe tun ranar da ta tsaya a bayan labule suka ɓalle. Ta tambaye shi me ya sa bai gaya mata ba, me ya sa bai ce musu ba shi ba ne. Ya ce ya faɗa wa na farko-farkon, suka ce ai mai laifi ba ya amsawa. Da suka ce to wane ne, sai ya yi shiru, shirun nan kuwa ya zama shaida a kansa.

"Da ka faɗi sunan Dillali."

"Idan na faɗa, na tabbatar wa duniya cewa labarin nan naki ne, falon nan na Abba ne, kuma dattijon da aka yaudara a ciki shi ne. Kina so a riƙa nuna mahaifinki a hanyar masallaci?"

Ta ce to ita za ta faɗa. Ta ce yau ɗin nan za ta rubuta sunansa da shagonsa da layin da yake, a kowane zaure, ta ga ko akwai mai sake taka ƙofarsa. Mutanen da suka iya yi wa marar laifi haka, bari su nuna wa mai laifi abin da suka iya. Tana magana tana goge fuska da gefen mayafi.

Ya bar ta ta gama. Sannan ya tuna mata lokacin da take yawo da jaka shago-shago, da ranar da aka fara kira suka yi ta murna a kan mutum ɗaya tak. Ya ce mutanen nan sun zo ne don ta ba su abin da zai sanyaya musu rai, yanzu ta mayar da su sanda. Ya ce Dillali yana da uwa tsohuwa da ƙanne mata a gabansa, kuma wanda ya watsa mai a wannan ƙofar ba zai tsaya a mai ba idan aka ba shi suna.

"Ya raba ni da kai," ta ce. "Ya raba ka da aikinka. Yana can yana cin riba da hawayena. Kai waliyyi ne, ni ba waliyyiya ba ce."

"Ni ma ba waliyyi ba ne. Akwai ranar da na tsaya a tsallaken shagonsa har ƙafata ta gaji, Allah ne ya mayar da ni gida." Ya dube ta. "Amma ki ji ni da kyau. Ina tsaye a bakin ƙofar gidanku ina jira, ko shekara nawa za a yi. Ranar da kika jefa sunan mutumin nan ga jama'a, ke kika rufe ƙofar, ba Abba ba. Ba zan iya zama da matar da nake tsoron alƙalaminta ba."

Maganar ta soke ta fiye da zagin matar nan. Ta dube shi, ta ga idanunsa sun cika. Ta so ta ce ta ji ta bari, amma girman kai ya riƙe mata harshe. Ta juya ta fita ba sallama.

Ba ta nufi gida ba. Ta koma makaranta, ta shiga ajin da babu kowa, ta zauna a kujerar ɗalibai. Ta rubuta sunan Dillali a waya ta goge. Ta yi la'asar a ofishin malamai, ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, ta rasa abin da za ta roƙa, domin abin da take so ba abin da ake roƙon Allah ba ne. Ta sake rubutawa ta sake gogewa. Da rana ta yi sanyi ta tashi, tana jin kamar ta ci nasara a kan kanta.

Kuskurenta shi ne ta sake bi ta bakin kasuwa.

Dillali yana tsaye yana miƙa wa wasu 'yan mata biyu littafinta. Ɗayarsu ta juya bayan littafin ta nuna wa ɗayar lambar. Auta ta ji shi sarai, yana girgiza kai cikin tausayi.

"Ku dai ku yi masa addu'ar shiriya. Ni ma na yi masa nasiha tun farko, bai ji ba."

Ta raɓe a ƙarƙashin rumfar wani kantin magani. Ta zaro wayarta. Ta rubuta cewa an zalunci bawan Allah marar laifi, mai lambar nan shi ne ya tsaya mata lokacin da babu kowa. Ta rubuta sunan Dillali cikakke, da sunan shagonsa, da inda yake. Ta tura a zaure na farko, ta tura a na biyu, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin wanda ba ta ji ba tun da aka fara wannan magana. Ta ɗaga kai ta kalle shi yana murmushinsa, ita ma ta yi murmushi. A cikin motar haya wayar ta fara rawa a jakarta, ba ta tsaya ba har ta sauka.

Umma ce ta tare ta a tsakar gida, fuskarta a sake, ta kama hannunta tana tambayar inda ta shiga tun ɗazu. Ta ce Abba yana falo yana jiranta. Ta raɗa mata cewa jiya ta yi ƙarfin hali ta sa an karanta masa labarin tun daga farko, ya saurara har ƙarshe, yau kuma bayan la'asar ya ɗauki sandarsa ya fita shi kaɗai.

Auta ta zare hannunta daga na Umma. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta zaro wayar a ƙarƙashin mayafi, ta shiga goge saƙon. Ta goge a na farko, ta tarar an riga an kwafe shi an sake turowa. An ɗora hoton shagon. Wata tana tambayar ƙarfe nawa yake buɗewa, wata ta ce ta san gidan uwarsa. Taron da ta tara da ƙafarta da jakarta ya ɗauki maganar ya wuce da ita inda hannunta ba zai kai ba.

"Shigo, Auta."

Ta shiga ta durƙusa a gefen darduma. Abba yana zaune, carbi a hannunsa, a ƙasan rigarsa akwai ɗan baƙin mai.

Da ya buɗe baki, da istigfari ya fara. Ya ce ya yi shekara da shekaru yana karantar da mutane cewa idan aka kawo maka labari ka bincika kafin ka yanke, sai ga shi da aka kawo masa a kan 'yarsa, kunnensa ya riga hankalinsa. Ya ce ya je ya ga ƙofar da idonsa, ya tarar da yaron yana ɗaure buhu. Ya tambaye shi dalilin lambar, ya ji amsar da ya kamata ya saurara tun farko. Ya tambaye shi me ya hana shi wanke kansa, yaron ya ce mutuncin gidan Malam ya fi aikinsa tsada.

Muryar Abba ta ɗan karye a nan. Ya ce ya nemi gafararsa a gaban maigidansa. Shi kuwa tsohon ɗalibinsa, zai kira shi gobe a gaban manyansa, a rufe ƙofa, ya sa shi ya gyara abin da ya ɓata da bakinsa. Masu karatunta ma, idan ta ba shi waya, shi da kansa zai yi musu magana ya wanke yaron ba tare da an ambaci kowa ba.

Wayar tana ta rawa a cinyarta. Ta danne ta da tafin hannu.

Ya ce abu ɗaya ne ya rage masa a rai, shi ne labarin da ta rubuta, domin ya ga fushi a cikinsa wanda ya ba shi tsoro. Ya gaya wa yaron cewa ba zai ba shi mace mai zafin da ba ta iya riƙewa ba, kada ya zalunce shi sau biyu. Yaron ya amsa cewa ta yi fushi, kuma tana da dalili, amma ya san ta. Ta zo ta yi barazana ta tafi, amma ba za ta aikata ba.

"Na ce masa yana da tabbas? Ya ce wallahi ba za ta ambaci sunan ba. A kan wannan rantsuwar na ce ya turo manyansa."

Umma, da ke tsaye a bakin labule, ta ce alhamdulillahi a hankali.

Abba ya dubi 'yarsa. Ya ga kanta a ƙasa, ya ga hannun da ke danne da wayar, ya ji ƙugin da ke fita ta tsakanin yatsunta ba ƙaƙƙautawa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Daga nesa aka fara kiran magariba.

"Ɗago ki dube ni, Auta. Yaron nan ya rantse da Allah a kanki. Rantsuwarsa tana nan, ko zai yi kaffara?"

Ta ɗago. Ta ɗauki wayar da hannu biyu, ta ajiye ta a kan darduma a gabansa.

"Zai yi, Abba."